Hannun da Ya Riƙe Gurbin Saudatu

Hajiya Maijidda, sallama da fatan alheri. Don Allah ki taimake ni da shawara tun ban aikata abin da zan yi nadama ba. Kwana da kwanaki ke nan ina kwanciya da fushi ina tashi da shi, har maigidana ya fara cewa miyata ma ta koyi halina.

Shekarata hamsin da biyu, ina zaune a unguwar Zariya, nan Maraɗi. Na yi lakwal, wato boko, har lise, babbar sakandare, ban ƙarasa ba, amma ban daina karatu ba. Abin da duk ya shigo hannuna, da Hausa ko da Faransanci, sai na ga ƙarshensa, kuma littafin dokar aiki ma ina da nawa. Na faɗi haka ne don kada ki ɓata lokacinki kina lallashina. Gaskiya nake so, ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

Fiye da shekara ashirin ina aiki a wata ƙaramar masana'antar man gyaɗa a bayan Sabon Gari. Ba zan faɗi sunanta ba. Ni ce shugabar mata, masu tsintar gyaɗa da masu suya da masu murza da masu ƙuli, mu kusan talatin. Alhaji Ilyasu ne ya kafa wurin da inji ɗaya. Da tsufa da ciwon ƙafa suka zaunar da shi, sai ya miƙa wa ɗansa Maman Lawali, wanda ya yi karatun kasuwanci a Yamai. Yaron nan na sha aikensa sayen ƙanƙara yana ce mini Inna. Yau shi ne darakta, ina ce masa ranka ya daɗe, shi kuma ya mayar da ni Madam.

Muna da wata al'ada a wurin da muke kira riƙon gurbi. Tun zamanin Alhaji, in mace ta haihu za ta wankan gida, ko damina ta faɗi tana da gona a ƙauye, ko jinyar tsohuwa ta kama ta, ba ta rubuta wa kowa takarda. Ƙanwarta take kawowa, ko matar ɗanta, ta tsayar da ita a gabana ta ce ga mai riƙe mini gurbi. Da safe sunan mai aikin ake kira, mai riƙo ta amsa. Ƙarshen wata albashi ya fito da sunan mai aikin, su je can su raba yadda suka daidaita, ba ruwanmu. Aiki bai taɓa tsayawa ba, kuma ba macen da ta taɓa dawowa ta tarar an cinye mata abinci. Ni a ganina ba a taɓa ƙirƙiro abu mai tausayi irin wannan ba a wurin aiki, kuma har gobe haka zan ce.

Ba zan ci haƙƙin Maman Lawali ba. Da ya zo ya yi abin da ubansa bai yi ba. Ya ba kowacce kwantara a rubuce, ya yi mana rajista a asusun ma'aikata, wanda muke kira Kes. A wani taro ya ce riƙon gurbi ba ya cikin tsari, a daina. Sau ɗaya ya faɗa, da baki, tsakanin maganar sabulun wanke hannu da maganar masu makara. Da damina ta zo mata suka tafi gona, masu riƙo suka cika ɗakin tsinta, ya gan su da idonsa bai ce uffan ba, don ya san in ya hana inji zai kwana ba gyaɗa.

To, bana mijin Saudatu ya rasu. Saudatu mutuniyar Tibiri ce, tana cikin tsofaffin ma'aikatanmu, ba ta taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Ta shiga takaba, ta aiko ƙanwarta Rahmatu daga Jiratawa ta riƙe mata gurbi. Rahmatu matar aure ce da yara uku, mijinta yana noman zogale a fadama. Kullum da sassafe kabu-kabu ke sauke ta a ƙofa, kuma wallahi ta fi yayarta saurin hannu. Darakta ya san ta sarai. Saudatu ƙarama yake ce mata. Ya taɓa tsokanarta cewa mutanen Jiratawa rowar zogale gare su, washegari ta kawo masa kwaɗon zogale cike da kwano, ya ci a biro, wato ofishinsa, har yana neman ƙari.

A wata na biyu da zuwanta aka samu babbar odar mai daga Yamai. Darakta ya tsaya a kanmu kamar zai shiga cikin kaskon suya. Ranar mai kula da injin murza bai zo ba, na ce Rahmatu ta tsaya wurin, kuma injin nan tun bara murfinsa ya karye, na faɗa har na gaji, kullum amsar ita ce za a kawo daga Katsina. Kafin azahar inji ya ja hannunta na dama. Yatsu uku suka tafi. Ba zan kwatanta miki ba.

Darakta ne ya ɗauke ta da motarsa zuwa likita, shi ya biya kuɗin aiki da magani. Na ga hawaye a idonsa, kuma na yarda na gaske ne. Amma bayan ƴan kwanaki, da ya je ya ga wani mai ba shi shawara, sai ya kira ni biro ya miƙo mini takarda da Faransanci mai tsabta, wai in sa hannu. Takardar ta ce ni ban taɓa ba kowa izinin riƙon gurbi ba. Ta ce Rahmatu baƙuwa ce da ta shigo gaida mata ta taɓa inji da gangancinta. Ta ce Saudatu ta bar aikinta ba sanarwa. Na tambaye shi ko baƙi masu gaisuwa ne ke yin wata biyu suna tsintar gyaɗa, kuma ko kwanon zogalen ma gaisuwa ya zo. Ya sunkuyar da kai yana juya makullin mota.

Ga hujjarsa, kuma zan faɗe ta yadda ya faɗa. Ya ce in hukuma ta ji an tsayar da wadda ba ta da rajista a kan inji, tara da diyya za su durƙusar da wurin. Ya ce tun da aka yi ta rufe iyaka ana buɗewa kasuwa ba ta koma daidai ba, gyaɗa ta yi tsada, mai ba ya tafiya. Ya tambaye ni ko ni zan ciyar da mata talatin in aka sa kwaɗo a ƙofa. Ya yi alkawarin zai riƙa taimakon Rahmatu a gefe, don Allah, ba don doka ba. Saudatu kuwa a sallame ta a takarda, in abu ya lafa a sake ɗaukarta a matsayin sabuwa. Wato duk shekarun da ta yi su bi ruwa. Da ya ga ban ɗauki alƙalami ba, sai murya ta sauya. Ya ce in ban sa hannu ba, to ni ce na shigo da baƙuwa na tsayar da ita a inji bayan ya hana, babban laifi ke nan, zai iya sallamata ba ko dala. Ya ba ni zuwa ƙarshen wata.

Abin da ya ƙara ƙona mini rai shi ne kowa ya riga ya yafe sai ni. Dattawan dangin su Rahmatu sun zo daga Tibiri, an ba su buhun gero da kuɗin mota, suka ce ƙaddara ce, Allah ya kiyaye gaba. Rahmatu da na je duba ta, hannu a naɗe, surukarta na ba ta fura a baki, abin da ta roƙe ni shi ne kada a kai maganar ko'ina, don kada yayarta ta rasa aiki ta dalilinta. Ba ta san an riga an rubuta korar ba. Saudatu ma ba ta sani ba, tana ɗaki tana jan carbi, tana jiran ta fita takaba ta dawo. Maigidana, malamin lakwal ne da ya ajiye aiki, ya ce in sa hannu kawai, takarda ce, Allah ya san abin da ke zuciyata. Ba na ganin laifinsa sosai. Ƴarmu tana jami'a, ga kuɗin maganinsa na sukari, kuma albashina ne ke riƙe da gidan. Wa zai ɗauki mace mai shekara hamsin da biyu aiki a garin nan?

Hajiya, akwai ranar da nake jin in hau kabu-kabu in tafi gidan rediyo in faɗi sunansa da na ubansa da na injinsa, kowa ya ji. Akwai ranar da nake jin in sa hannun in huta. Ki gaya mini: doka ta san Rahmatu ko ba ta san ta ba? Zai iya korata a kan abin da ya gani ya yi shiru? Kuma in na ƙi, na rasa aikina, mata talatin suka rasa nasu, me na gyara?

Taki, wata ma'aikaciya daga Zariya, Maraɗi.

AMSA

Ƴar'uwa, amin wa alaikumus salam. Allah ya ba Rahmatu lafiya, ya jiƙan mijin Saudatu. Kin ce kada in lallashe ki, to ba zan yi ba.

Kada ki sa hannu. Ba don tsoron Allah kaɗai ba, ko da yake shi ma ya isa. Takardar nan ba za ta kare ki ba. Ki sake karanta ta da idon wanda bai san ki ba: shugabar mata ta shaida da hannunta cewa baƙuwa ta shigo sashenta, ta kai har gaban inji, ita ba ta sani ba. Mata kusan talatin sun ga Rahmatu kullum, mai kabu-kabu ya san ƙofar da yake sauke ta. Ran da ɗaya daga cikinsu ta buɗe baki, ke ce mai shaidar ƙarya a rubuce, kuma takardar tana aljihun wanda ya riga ya nuna miki zai iya jingina miki laifi in ya matsu. Da sa hannun da rashinsa duka akwai haɗari ga aikinki. Bambancin shi ne in kin ƙi, kina da abin faɗa a gaban hukuma.

Ni ba lauya ba ce, amma na tambayi wanda ya daɗe a fannin, kuma abin da ya gaya mini bai saɓa wa littafin da ke hannunki ba. Doka ba takarda kaɗai take dubawa ba. Tana duba wa ya yi aiki, a ƙarƙashin umarnin wa, kuma ko don a biya shi ya yi. Kwantara ta baki ma kwantara ce. Macen da ta yi wata biyu tana zuwa a kan lokaci, ana ba ta umarni, darakta na ganinta, yana da wuya a ce baƙuwa ce, ko da albashin da sunan yayarta yake fita. Rashin rajista a Kes nauyi ne a kan mai wurin, ba dalili ne na hana wadda ta ji rauni haƙƙinta ba. Haka kuma haɗarin aiki ana son a sanar da shi ba da jinkiri ba, kuma in mai wurin bai yi ba, wadda abin ya shafa tana da hanyar sanarwa da kanta. Game da Saudatu, ban tabbata yadda yarjejeniyar sana'arku ta ɗauki takaba ba, don haka ba zan faɗa miki abin da ban sani ba, ki tambayi insifektan aiki. Amma macen da kowa ya san inda take da dalilin zamanta, har an karɓi wadda ta aiko, ba ta yi kama da wadda ta gudu ta bar aiki ba.

Yanzu ga wadda ba za ta yi miki daɗi ba. Kin ba kwanon zogale layi uku, amma maganar cewa ke kika ce Rahmatu ta tsaya a injin da kika san ba shi da murfi, rabin layi kika ba ta kika wuce. Na san matsi aka yi muku, na san kin sha faɗar maganar murfin. Duk da haka bakinki ne ya furta. Ina jin wani ɓangare na fushin da ke hana ki barci daga nan yake, kuma ba zai sauka ba sai kin faɗe shi a fili. Haka riƙon gurbi. Na yarda tausayi ne ya haife shi, ya kuma rufa wa mata da yawa asiri. Amma an yi shi ne lokacin da aikin mata bai wuce tsinta da suya ba. Wurin da ke da inji, wanda ke amsa sunan wani ba shi da suna ran da jini ya zuba. Maman Lawali bai yi kuskure ba da ya ce a daina. Kuskurensa shi ne ya faɗa da baki, ya ci moriyar abin da ya hana, yau kuma yana son wasu su biya.

Tsoronsa ma ba ƙarya ba ne. Ƙananan masana'antu da yawa a garin nan da ƙyar suke numfashi. Shi ya sa ban yarda da gidan rediyo ba. In kika faɗi sunansa a iska, kin ba shi dalilin kora na gaske, kin jawo wa kanki ƙarar ɓata suna, kin kuma rufe ƙofar sulhu, Rahmatu ba ta samu komai ba.

Ki zauna ki rubuta taki shaidar, gajeriya, ba zagi ba habaici. Yadda al'adar take, yaushe Rahmatu ta fara, wa ya san da ita, halin da injin yake ciki, da cewa ke kika tsayar da ita a wurin ranar da ake gaggawar oda. Ki sa kwanan wata, ki riƙe kwafi. Ki kai masa ita a biro da ladabin da kika saba, ki ce wannan ce kaɗai za ki iya sa wa hannu. Ki nuna masa cewa mai wurin da ya je da kansa ya sanar da haɗari, ya nemi a daidaita, ya fi samun sassauci a kan wanda aka kama da takardar ƙarya. Mai ba shi shawara ya nuna masa hanyar da ta fi arha a wannan wata, ba wadda za ta bar masa masana'anta ba.

In ya ƙi ji, Alhaji Ilyasu yana raye. Ƙafa ce ta zaunar da shi, ba hankali ba. Shi ya san asalin riƙon gurbi, kuma akwai maganar da ɗa zai ji daga bakin uba da ba zai ji daga naki ba. Ki je gaisuwa, ki faɗa masa a natse. Wannan ba kai ƙara ba ne.

Amma kada ki jira ƙarshen wata kina zagaya gidaje. Ki je ofishin insifektan aiki tun yanzu, tun kina ma'aikaciya, ki bayyana abin da ake nema ki sa wa hannu. Aikinsu na farko sulhu ne, su zaunar da ɓangarorin biyu. Sai in ya gagara ake wucewa kotun ma'aikata, kuma an sauƙaƙa hanyarta don talaka. In kuna da wakiliyar ma'aikata ko kuna cikin sandika, wato ƙungiyar ƙwadago, ki tafi da ita. Rahmatu ta karɓi takardar likita da ke bayyana raunin, ta adana. A sanar da Saudatu halin da ake ciki, a rubuta mata ƴar takarda zuwa ga darakta cewa takaba take yi, ga lokacin da za ta dawo, wani nata ya kai a sa masa hannun karɓa. Ba sai ta fita ɗaki ba. Taimakon da ya yi alkawari a gefe kuwa, in da gaske yake, a rubuta shi a gaban insifekta. Alherin da ba a rubuta ba yana ƙarewa ran da kasuwa ta yi tsanani.

Ba zan yi miki alkawarin aikinki zai tsira ba. Zai iya korarki cikin fushi. In ya yi, kora sai da dalili ingantacce, shi zai kawo hujja, kuma shekarunki fiye da ashirin ba za su ɓace don ya kira abu babban laifi ba. Ki zauna da maigidanki ki faɗa masa wannan dalla-dalla, ku duba yadda gida zai tsaya na ƴan watanni in abin ya kai can. Tsoro ne ya sa ya ce ki sa hannu, kuma tsoron ya fi sauƙi in an san girmansa.

Abu na farko kuwa, tun kafin alƙalami da ofis: ki koma Jiratawa. Rahmatu ta yafe ne don ta ceci aikin yayarta, ba ta san shirunta ba zai cece shi ba. Ki gaya mata duka, har da naki rabon, sannan ki yi shiru ki ji abin da take so. Hannunta ne, kuma ita za ta rayu da shi. In ta ce a tafi, ku tafi tare.

Allah ya ba ki natsuwa, ya tsare miki abincinki ta hanyar da ba za ki ji kunyarta ba, ya kuma daidaita tsakaninku.

Hajiya Maijidda